Tarihin Baƙar Fata: Darasi Daga Agege

Cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa a Agege, amma tarihinsu ya ƙetare teku. A 1807 bayi Hausawa suka ƙulla shirin tawaye a Bahiya, ƙasar Barazil, don neman 'yanci. A 1977 kuma Ikko ta karɓi bikin FESTAC na al'adun baƙar fata, aka yi hawan daba a Kaduna.

Yaron da ya tashi a Agege bai ji wannan ba, sai ya zaci kakanninsa ba su da tarihi. Saboda haka wajibi ne iyaye da malamai su riƙa ba yara labari, a kuma rubuta abin da dattawan zango suka sani tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.