Amsoshin Tambayoyinku: Awon Hular Haƙori, da Ƙullu ko da Na'ura?

Hular haƙori, wadda wani mai sauraro daga Makarfi ya yi tambaya a kanta, ana yi mata awo ta hanya biyu. A tsohuwar hanya, majiyyaci kan ciji ƙullun silikon, a zuba filasta a gurbin a fitar da siffar haƙorin. Ƙullun aljinet bai dace da hula ba, domin yana saurin bushewa ya tsuke, musamman da hunturu. A sabuwar hanya, wadda na'urar CEREC ta soma a Zurik a 1985, ƙaramar kyamara ce ke aika siffar cikin kwamfuta. A haƙori ɗaya, dukansu na ba da hula mai zama daram, muddin jini ko yawu bai rufe gefen dasashi ba. Mutanen Ikara, Makarfi da Kudan na iya ganin likitan haƙori a asibitin koyarwa na Shika, Zariya.