Tela da Takunkumi: Darasi daga Wadata

Annoba ita ce cutar da ke bazuwa cikin jama'a masu yawa a lokaci guda, kuma irinta ce ta iso Nijar ranar 19 ga Maris 2020, sa'ad da aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Yamai. Da yake ƙwayar cutar tana fita ne tare da yawu da numfashi idan mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa ko magana, hukuma ta umarci jama'a su riƙa sa takunkumi, wato ƙyallen da ke rufe baki da hanci.

Sai dai umarni kaɗai ba ya zaunar da ƙyalle a fuska, musamman a watan Afrilu da zafin Yamai kan wuce awo 40. A unguwa irin Wadata, inda kasuwa da tashar mota da cibiyar masu sana'ar hannu ke tara mutane kafaɗa da kafaɗa, ɗan dako ko mai talla zai sauke takunkumin zuwa haɓa da zarar robarsa ta fara cin bayan kunne, kuma daga nan amfaninsa ya ƙare. A nan ne gwanintar tela ta zama aikin kiwon lafiya. Wanda ya san aikinsa yakan yi wa gaban ƙyallen kalmasa domin ya buɗe ya bar wa numfashi wuri, ya ƙara tsawo ga mai gemu, ya kuma sa igiyar da ake ɗaurewa a ƙeya saboda mace mai hijabi, wadda kunnenta ke rufe. Idan aka yanka shi daga ragowar atamfa ko shaddar da mutum ya ɗinka, ko daga yadin ankon biki, sai ya shiga sahun ado, mai shi kuma ya daina jin kamar ana yi masa kallon majinyaci.

Kyau dai ba shi ne kariya ba. A watan Yuni 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi takunkumin yadi rufi uku: na ciki auduga mai shan danshi, na tsakiya mai tace iska, na waje kuma mai santsi wanda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Amawalin rawani, duk da ya saba tare ƙurar hunturu, sako-sako yake, don haka bai cika wannan sharaɗi ba.

Don gwada takunkumi, mai saye ya ɗaga ƙyallen a rana, in haske ya ratsa shi sosai, to saƙarsa ba ta da kauri. Ya kuma tanadi aƙalla guda biyu, ya wanke wanda ya sa kowace rana da sabulu da ruwan zafi, kada ya ara wa kowa.