Kafin a Kwance wa Ƙaramin Kare Igiya

Wanda ya ajiye ƙaramin kare irin Jack Russell a unguwar Bantama domin kashe ɓeraye, ya sani tun ƙarni na 19 aka tsara jinsinsa a Ingila don bin yanyawa har cikin rami, saboda haka da zarar ya hangi ɓera a kwata ko kazar maƙwabci, kiran ubangidansa ba ya shiga kunnensa. Malaman fiƙihu da dama sun sharɗanta wa horarren karen farauta cewa in an tsawata masa ya tsaya. Don koya wa naka haka, a fara a tsakar gida da doguwar igiya, in ya amsa kira a ba shi ɗan busasshen kifi. A titin kasuwa kuwa, kada a sake shi sam.