Tafiyar Tumatir Kafin Ya Shiga Tukunya

A hutun da ya wuce na je Kadawa wurin kawuna, inda yake noman rani. Kwana goma na yi ina taya shi tsinkar tumatir, abin da na gano kuwa shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Ruwan da suke ban ruwa da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974 a kan Kogin Kano. Da ina tsammani ruwan nan ba mai shi. Ashe kafin a tare shi, shi ne ke gangarawa kowace damina ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, masunta su sami kifi, makiyaya su sami ciyawa, manoma su shuka shinkafa. Yanzu malalar ta ragu, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Watau tumatirin miyarmu da rabon ruwan waɗansu aka shayar da shi.

Sa'an nan sai tafiya. A Kwanar Gafan ake loda shi cikin manyan motoci, kwando bisa kwando, a nufi Ikko, tafiyar kusan kilomita 1,000. Mota na shan man gas tana turnuƙe hanya da hayaƙi, tumatirin ƙasa kuwa na matsewa, ruwansa na ɗiga a titi. Kawu ya ce bara motar da ta ɗauki nasa ta lalace a hanya kwana biyu, rabin kayan sai juji. Ruwa da taki da mai da gumi, duk sun tafi a banza.

Ran da na komo gida Inna ta aike ni sayen tumatirin gwangwani. Na duba jikinsa, sai na ga daga ƙasar Sin ya fito! Ya ƙetare teku a jirgin ruwa, ya hau mota ya yiwo Arewa. Wa ya sani ko sun yi kiciɓis da na Kawu a hanya? Gwangwanin kuma a kwata ya ƙare.

Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Kai yaro, da damina wa ke iya sayen ɗanye?" Gaskiyarta. Amma na tuna mata yadda kakarmu takan yanka shi ta shanya lokacin araha. Ta yi shiru. Washegari muka baje kwandon da Kawu ya ba ni, muka yanyanka, muka shanya a tabarma. Yanzu busasshen yana rataye a ɗakin girki, yana jiran damina.