Yadda sojojin jiki suke karanta littafin gado

Darasinmu na yau a kan sojojin da ke cikin jininmu yake. Su ne fararen ƙwayoyin jini. A cikin ɓargo ake yin su, kuma aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta.

Littafi ɗaya, shafi dabam-dabam

Jikin mutum an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da littafin gado, wanda masana suke kira ADN. Littafin yana da kashi 46: 23 daga uwa, 23 daga uba. A ciki akwai umurni wajen 20.000 na haɗa furotin, wato kayan da jiki yake gini da yaƙi da su.

Littafin ƙwayar fata da na sojan jini iri ɗaya ne. To, mi ya bambanta su? Kowace ƙwaya shafin da ya shafi aikinta kaɗai take buɗewa. Sauran su zauna a rufe, kamar rumbun da ba a buɗe shi sai ranar bukata.

Wa ke buɗe shafin?

In an buɗe shafi, ƙwaya takan kwafe shi a wata ƴar takarda mai suna ARN. Wannan ɗan aike ne: shi ke kai umurni inda ake haɗa furotin.

Amma akwai wani irin ARN mai tsawo, mai harafi sama da 200, wanda ba ya kai umurnin haɗa furotin. Da, masana da yawa sun ɗauka ba shi da amfani. Daga baya aka gane wasu daga cikinsu masu gadi ne: suna taimakawa a buɗe wani shafi, a rufe wani. A shekarar 2014 an bayyana ɗaya mai suna THRIL. Yana taimaka ma sojan jini ya buɗe shafin TNF, furotin da ke kiran sauran sojoji, yake kuma sa jiki ya yi zafi. Ke nan zazzaɓi alama ce ana yaƙi a cikin jiki.

Amfanin rigakafi

Sojan da bai taɓa ganin cuta ba yakan ɗauki kwanaki kafin ya shirya. Allurar rigakafi tana nuna ma sojoji kamannin cutar ba tare da yaro ya kwanta ba. Wasu sojojin sai su riƙe ta shekara da shekaru, shafin yaƙinsu a shirye. Ran da cutar ta zo, nan da nan su tashi.

Ƙyanda kuwa waɗannan sojoji masu tunawa take kashewa. Binciken da aka yi a kan yaran ƙasar Holan, aka fitar a 2019, ya nuna bayan ƙyanda jiki yakan manta wasu cututtukan da ya riga ya sani. Shi ya sa yaron da ya tashi daga ƙyanda yake saurin kamuwa da zawo da ciwon huhu.

Abin da za mu riƙe

Ku kai yaro likita a yi mashi allurar ƙyanda da ya cika wata 9. Ku tambayi ranar komawa, ku adana takardar rigakafinsa. In jikin yaro ya yi zafi, ku ba shi nono da ruwa mai tsabta, ku kai shi likita a ranar.