TSAKAR GIDA MAKARANTAR FASAHA: DARASI DAGA TSIBIRIN TIRINIDAD

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya ba mu wani guntun rubutu na Ingilishi a kan ƙasar Tirinidad da Tobago, ya ce mu mayar da shi Hausa. A cikin rubutun akwai kalmar "panyard". Na buɗe ƙamus, na ga "pan" kwano ne ko kasko, "yard" kuma fili ne, sai na haɗa su na rubuta "filin ajiye kwanuka". Da takardata ta dawo, na tarar malam ya zagaye wurin da jan biro, ya rubuta a gefe: "Su wa ke ajiye kwanukan, kuma me suke yi da su?" Kunyar rashin amsar wannan tambaya ce ta tura ni ɗakin karatu, abin da na samo kuma shi ne nake son in raba da 'yan'uwana ɗalibai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa fasahar Tirinidad, tun daga kiɗa har zuwa zanen zamani, mafi yawanta a tsakar gida ta tsiro, kuma kalmar "yard" tana ɗauke da wannan tarihi a cikinta. Duk mai fassarar da bai san tarihin ba, to irin ramin da na faɗa shi ma zai faɗa.

2.0 Tsibirin da Mutanensa

Tirinidad tsibiri ne a kudancin tekun Karibiyan, kimanin kilomita 11 daga gaɓar ƙasar Benezuwela. Shi da ƙaramin tsibirin Tobago suka haɗu suka yi ƙasa ɗaya, wadda ƙidayar 2011 ta nuna tana da mutum miliyan 1.3. Babban birninta shi ne Port of Spain. Sifaniyawa ne suka fara mallakar tsibirin. Daga 1783 suka buɗe ƙofa ga masu gonaki da ke magana da Faransanci, waɗanda suka zo da bayinsu 'yan Afirka. Ingila ta ƙwace shi a 1797, aka kammala 'yanta bayi a 1838, sannan daga 1845 zuwa 1917 aka yi ta kawo 'yan ƙwadago daga Indiya, fiye da mutum 140,000, don aikin gonakin rake. Ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 31 ga Agusta, 1962.

Ga ɗalibin harshe, abin lura a nan shi ne harsuna da yawa sun gogu da juna a ɗan ƙaramin wuri: Sifaniyanci da Faransanci da Ingilishi da harsunan Afirka da na Indiya. Saboda haka kalma tana iya kama da ta Ingilishi a ido, amma ma'anarta ta gida ce.

3.0 Ma'anar "Yard" a Bakin Mutanen Tirinidad

Bayan an 'yanta bayi, talakawa da yawa sun bar gonaki sun kwararo birni. Inda suka samu zama shi ne gidajen haya masu ɗakuna a jere, kowane iyali ɗaki guda, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, tsakar gida ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a gidan yawa a Legas ko Ibadan ya san irinsa. Wannan tsakar gida ita suke kira "yard". A nan ake girki da wanki da faɗa da sulhu, a nan kuma ake shirya waƙa da rawa na bikin Karnibal, wato babban bikin da ake yi ranakun Litinin da Talata kafin Kiristoci su shiga azuminsu na kwana 40.

Marubutan tsibirin sun mayar da irin wannan gida dandalin labaransu. Littafin C.L.R. James mai suna Minty Alley, wanda ya fito a 1936, rayuwar irin wannan gida ya ƙunsa. Haka kuma The Dragon Can't Dance na Earl Lovelace, wanda ya fito a 1979, a kan talakawan unguwar tudu ne da yadda suke jiran Karnibal shekara guda. Ke nan "yard" ta ƙunshi ma'ana uku a haɗe: wuri ne na talaka, wuri ne na tarayya, kuma wuri ne da ake koyon sana'a ta hanyar kallo da kwaikwayo.

4.0 Farfajiyar Makaɗa

Yanzu sai mu koma ga kwanukan da malam ya tambaye ni. A 1881 an yi tarzoma tsakanin 'yan sanda da masu bikin Canboulay, kalmar da ta samo asali daga Faransanci da ma'anar ƙonannen rake. 'Yan shekaru bayan haka gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita buga gangar fata a kan titi. Masu iya magana kan ce in an hana ka ƙofa sai ka bi ta taga. Mutane suka koma saran gora dogo da gajere suna buga ta a ƙasa. Zuwa ƙarshen shekarun 1930 matasa suka fara buga gwangwanaye da tarkacen ƙarfe, suka gane cewa in aka lotsa ƙarfe a wurare daban-daban, kowane lotso yana ba da amo daban. A shekarun 1940 suka koma amfani da duron mai mai cin galan 55, wanda ake samu da yawa saboda ƙasar tana haƙar mai. Daga cikin waɗanda ake ambata a wannan ƙirƙira akwai Winston "Spree" Simon da Ellie Mannette.

Yadda ake yin gangar shi ne, a daki gindin duron da guduma har ya lotsa kamar kasko, a shata wurin kowane amo, a gasa shi a wuta, sannan gwani ya bi da ƙaramar guduma yana saita sautin. Ganga mai siririyar murya akan yanke jikinta gajere, mai babbar murya kuwa akan bar duron yadda yake. Ana kiɗa ta da 'yan sanduna masu roba a baki. Wannan ganga ita ce "pan", farfajiyar da ƙungiyar makaɗa ke ajiye ta kuma take atisaye ita ce "panyard". Kafin gasar Panorama, wadda aka fara a 1963, babbar ƙungiya kan tara makaɗa 100 ko fiye a irin wannan farfajiya kowane dare, da yawansu da kunne suke haddace kiɗan, jama'ar unguwa kuma suna tsaye suna saurare.

Da farko kallon 'yan daba ake yi wa waɗannan matasa. Amma a 1992 aka ayyana gangar ƙarfe a matsayin kayan kiɗan ƙasa, a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 11 ga Agusta domin ta, a 2024 majalisar ƙasar ta mayar da matsayinta doka, a 2025 kuma aka sa hotonta a tambarin ƙasa a gurbin jiragen ruwan Kolombus guda uku.

5.0 Fasahar Zamani a Bayan Gida

Mai karatu zai iya cewa wannan duk tarihi ne, to ina masu fasahar zamani? Amsar ita ce su ma hanyar suka bi.

A 1948 wata gwanar rawa, Beryl McBurnie, ta buɗe ƙaramin gidan wasa mai suna Little Carib a unguwar Woodbrook, a filin gidan iyayenta. A nan ne Derek Walcott, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1992, ya fara horar da 'yan wasan ƙungiyarsa a 1959. A 2003 masu zane biyu, Peter Doig da Che Lovelace, ɗan marubucin da na ambata a sama, suka buɗe StudioFilmClub a wata tsohuwar masana'antar giya a unguwar Laventille, inda suka riƙa nuna fim kyauta, Doig kuma yana zana sanarwar fim ɗin da hannunsa. Chris Ofili, mai zanen nan haifaffen Ingila wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, kuma wanda ya ci kyautar Turner a 1998, ya koma Tirinidad da zama a 2005.

Misalin da ya fi jan hankalina shi ne Alice Yard. A 2006 wani masanin tsara gine-gine, Sean Leonard, ya buɗe bayan wani gida na danginsu a Woodbrook ga masu fasaha. Sunan wurin na tsohuwar da ta zauna a gidan ne, shi kuwa tattaɓa-kunnenta ne. Ya haɗu da mai zane Christopher Cozier da marubuci Nicholas Laughlin suka riƙa tafiyar da shi. An fara da ɗakin da makaɗa ke atisaye, sannan aka ƙara ɗan ɗakin baje zane da masaukin baƙon mai fasaha. A wannan fili aka riƙa karanta waƙoƙi, ana nuna bidiyo a jikin bango, ana muhawara a kan zane, daga baya ma aka riƙa koya wa yara da manya tafiya a kan dogayen sanduna, wato wasan gargajiyar Karnibal da ake kira "moko jumbie". A 2020 suka koma wata tsohuwar maɗaba'a a unguwar Belmont, amma ba su sauya sunan ba. A 2022 aka gayyace su documenta, babban baje kolin fasahar zamani da ake yi duk shekara 5 a birnin Kassel na Jamus.

A lura da wannan: sun bar ainihin tsakar gidan, sun tafi da kalmar. Wato "yard" ta tashi daga sunan wuri ta zama sunan hanyar aiki, inda ƙofa take a buɗe, gwani da ɗan koyo suke zama a benci ɗaya. A ilimin ma'ana wannan shi ake kira faɗaɗar ma'ana, kamar yadda "zaure" a Hausa ta tashi daga ɗakin shiga gida ta zama duk wani dandalin tattaunawa, har da na wayar hannu.

Gwamnati ma ta yi nata. A 2009 ta buɗe katafaren ginin koyar da wasanni a Port of Spain, wanda ake kira NAPA. Wasu masu fasahar ƙasar sun koka cewa ba a shawarce su ba wajen tsara shi, a 2014 kuma aka rufe shi na wani lokaci don gyara. A duk tsawon wannan lokaci aiki bai tsaya ba a bayan gidan Alice.

6.0 "Kaiso" da "Kaico": Tarko na Biyu

Tarkon farko da na faɗa shi ne fassara kalma da kalma. Na biyun ya fi daɗi, shi ya sa ya fi haɗari. Waƙar da aka fi sanin Tirinidad da ita ita ce kalifso, waƙar habaici da zambo da sharhi a kan shugabanni. Ita ma a rumfunan gora da ake kafawa a tsakar gida aka raine ta, shi ya sa har yanzu ake kiran wurin da ake rera ta "tent", wato rumfa, ko da kuwa babban zaure ne. Tsohon sunanta a bakin mutanen gari shi ne "kaiso", kuma kalma ce da 'yan kallo ke ɗaga murya su faɗa in mawaƙi ya burge su.

Wasu marubuta sun ce daga kalmar Hausa "kaico" ko "kaito" ta fito. Da na karanta haka har na miƙe tsaye don murna. Zancen yana da madogara, domin an kai Hausawa tsibirin. Masaniyar harshe Maureen Warner-Lewis, a littafinta Guinea's Other Suns na 1991, ta kawo bayanin tsofaffin da suka danganta kakanninsu da Yarbawa da Kongo da Hausawa. To amma sai mu auna da ma'aunin da aka koya mana a aji. Ta fuskar ma'ana, "kaico" kalmar takaici da juyayi ce, "kaiso" kuwa ta yabo ce. Ta fuskar furuci, mutanen Tirinidad suna da sautin /c/ a bakinsu, to sai an bayyana dalilin da zai sa ya koma /s/. Har ila yau wasu masana sun danganta kalmar da harsunan Ibibiyo da Efik, inda ake da furuci mai kama da ita da ma'anar "ci gaba", wanda ya fi dacewa da ihun 'yan kallo. Saboda haka magana ce da masana suka yi saɓani a kanta. Kama da wane ba ta wane, kuma ɗalibin da ya rubuta a jarrabawa cewa Hausawa ne suka raɗa wa kalifso suna, ya faɗi abin da ba zai iya karewa ba.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta bi kalma ɗaya daga gidan haya zuwa farfajiyar makaɗa, daga nan zuwa dandalin masu zanen zamani. Darussan da na ɗauka uku ne. Na farko, kafin a fassara kalmar al'ada a tambayi su wa ke amfani da ita, a ina, kuma don me. Na biyu, kamannin sauti shi kaɗai ba ya tabbatar da asalin kalma. Da na sake miƙa aikina, "dandalin makaɗan gangar ƙarfe" na rubuta, malam kuma bai taɓa shi da jan biro ba.

Na ukun ya shafe mu kai tsaye. Mu da muke karatun Hausa a nan Kudu ba mu da yawa, kuma bara wasan kwaikwayon da muka yi wata biyu muna shiryawa don Makon Hausa bai yiwu ba, saboda ba mu sami zaure ba. Muka naɗe hannu muka ce sai baɗi. Alhali a bayan ajujuwanmu akwai fili da inuwar bishiya, akwai benci, akwai kuma Hausawan Sabo da za su zo kallo in an gayyace su. Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu ita ce bana a sa rana, in an sami zaure to madalla, in ba a samu ba a share filin nan a shimfiɗa tabarmi.

Aikin gwaji: ɗauki kalmomin "dandali" da "zaure" da "fage". Rubuta ma'anar kowace ta asali da ma'anar da ta faɗaɗa zuwa gare ta a yau, da misalin jimla ɗaya ga kowace ma'ana.