Bakan Zamani da Daidaita Gargarensa

A shekarar 1969 ne Holless Wilbur Allen, mutumin jihar Misuri ta Amurka, ya sami takardar mallakar wani baka mai gargare a kan kowane reshensa. Da yake gargaren ba da'ira sosai ba ne, idan maharbi ya ja tsirkiya ta kai ƙarshe, sai nauyin da yake riƙe da shi ya ragu da fiye da rabi. Ɗaliban ilimin halittu za su gane amfanin wannan, domin tsokar da ta gaji rawa take yi, hannu mai rawa kuwa ba ya saiti.

To amma gargaren nan yakan karkace, tsirkiya ta riƙa tura kibiya a kaikaice. Domin gano haka, akan harbi takarda daga nisan kamar mita 2. Idan wutsiyar kibiya ta yage takardar zuwa hagu, sai a matse bakan a na'urar matsewa (kada a kuskura a kwance shi ba tare da ita ba), a sauya wa siraran zobban da ke gefen gargaren wuri, ta yadda zai gusa hagu kaɗan. Ba a ƙara zobe, ba a ragewa. Wuri kawai ake musanya musu, sannan a sake harbi a duba.